Yadda Ake Zaɓar Girman Famfon Zafi ga Sabon Gida Mai Riƙe Ɗumi

Mutum zai kashe kuɗinsa ya gina gida, ya cusa makarin zafi mai kauri a bango da rufi da daɓe, ya sa tagogi masu gilashi uku, ya toshe duk wata kafa da iska ke kutsowa, sannan ya zo ya yi tuntuɓe ranar zaɓen na'urar da za ta ɗumama gidan. Mai girkawa zai ƙare wa ginin kallo, ya tuna gidajen da ya saba yi wa aiki, ya ce a sa mai kilowat 8 ko 10 don kada a ji sanyi. Mai gida kuma ya ga ai gara ta yi yawa da ta gaza, sai ya amince. A tsohon gida mai yoyon iska wannan shawara ba ta cika yin illa ba. A gidan da aka tsare da kyau kuwa, ita ce ke jawo na'urar ta riƙa tashi tana mutuwa, ta ci wuta fiye da kima, ta tsufa tun kafin lokacinta.

Famfon zafi ba ya haifar da zafi yadda hita ke yi. Kwaso shi yake yi daga iskar waje ko daga ƙarƙashin ƙasa ya tura cikin gida, da dabarar nan ta firji, sai dai an juya ta. Shi ya sa kilowat 1 na lantarki ke iya kawo kilowat 3 ko 4 na ɗumi. Wannan riba, wadda ake aunawa da lambar COP, tana samuwa ne idan kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin cikin na'urar, na tafiya a hankali, na dogon lokaci, tana tura ruwa mai ɗumi kaɗan. Duk lissafin da ke ƙasa an yi shi ne don a kai ga wannan yanayin. Zan fi karkata ga na'urar da ke ɗebo zafi daga iska ta ba ruwa, domin ita ce ta fi yawa a sababbin gidaje, amma lissafin asarar zafi ɗaya ne ga kowace iri.

Mataki na farko: ka ajiye ƙiyasin ido

Akwai ƙa'idojin baka da masu sana'a ke gadon su: wat 50 ko ma 100 ga kowane murabba'in mita, ko kuma a dubi girman tukunyar gas, wato mai dafa ruwan ɗumama gida, da aka saba sawa a gida mai wannan faɗi. An gina waɗannan ne a kan gidajen da zafi ke zurarewa ta ko'ina. Don ka ga nisan tazarar, dubi ma'aunin Passivhaus na gina gidaje masu riƙe ɗumi sosai, wanda aka fara gwadawa a wani gida a birnin Darmstadt na Jamus a 1991 ƙarƙashin jagorancin masanin kimiyya Wolfgang Feist. Gidan da ya cika wannan ma'auni ba ya buƙatar fiye da kusan wat 10 ga murabba'in mita a ranar da sanyi ya fi tsanani, ko kilowat-awa 15 ga murabba'in mita a shekara gaba ɗaya. Ko gidanka bai kai nan ba, muddin an gina shi da wannan niyya, ya fi kusa da 10 ko 20 fiye da 50. Ƙiyasin ido zai ninka maka buƙatar sau uku ko huɗu, ba kuma wanda zai lura sai an girka.

Mataki na biyu: zafin ciki da sanyin waje

Lambobi biyu za ka tsayar tun farko. Ta ciki mai sauƙi ce: digiri 20 ko 21 a ma'aunin Salshiyas, banɗaki ya ɗan ɗara. Ta waje ce mutane ke kuskurewa, domin sukan ɗauko daren da ya fi kowane sanyi a tarihin yankin. Ba haka ake yi ba. Injiniyoyi na amfani da abin da ake kira sanyin lissafi, wato matakin da yanayin wurin ba ya sauka ƙasa da shi sai a ɗan ƙaramin kaso na shekara. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka na wallafa irin waɗannan lambobi na kashi 99 da kashi 99.6 cikin 100 ga dubban tashoshin yanayi a duniya, kuma ƙasashen Turai na da nasu da ake amfani da su tare da ƙa'idar EN 12831 ta lissafin asarar zafi. Lambar kashi 99 na nufin awa 88 kacal cikin awa 8,760 na shekara ne sanyi zai wuce ta. Yawancin waɗannan awoyin na asuba ne, kuma gida mai riƙe ɗumi ba ya ma jin su, don kafin sanyin ya ratsa bango rana ta fito.

A misalin da za mu bi, ciki 21 ne, waje digiri 4 ƙasa da sifili. Tazara digiri 25 ke nan.

Mataki na uku: zafin da ke fita ta jikin gini

Kowane sashe na gida yana da lambar U, wadda ke nuna wat nawa ke ratsa murabba'in mita ɗaya idan tazarar ciki da waje digiri ɗaya ce. Ƙanƙantarta shi ne kyanta. Ka karɓi lambobin daga mai zanen gidan, kuma ka tabbata na abin da aka gina ne a zahiri, domin sau da yawa akan sauya kaurin makari ko irin taga bayan an gama zane. A wajen taga ka nemi lambar tagar gaba ɗaya har da firam ɗinta, kada a ba ka ta gilashi zalla, wadda kullum ta fi kyau a takarda.

Mu ɗauki gida mai hawa biyu, faɗin daɓensa duka murabba'in mita 150, wato 75 a kowane hawa, tsayin ɗaki mita 2.5. Ana ninka faɗin kowane sashe da lambarsa:

Bango: 160 sau 0.13, ya ba da 20.8
Rufi: 75 sau 0.10, ya ba da 7.5
Daɓen ƙasa: 75 sau 0.12, ya ba da 9
Tagogi da ƙofofi: 30 sau 0.8, ya ba da 24

Jimilla wat 61.3 ga kowane digiri. Ka lura da tagogi: faɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na bango ba, amma zafin da ke fita ta nan ya fi na bangon duka. Daɓe kuma mun yi masa lissafi kamar iskar waje ce a ƙarƙashinsa, alhali ƙasa ta fi iska ɗumi a hunturu, don haka ainihin asararsa ba ta kai 9 ba. Mun bar shi haka da gangan, kuma yana da kyau ka riƙa rubuta duk inda ka yi irin wannan rangwame, don ka san nawa ka riga ka ƙara.

Saura ɓarauniyar hanya. Akwai wuraren da makarin zafi ke yankewa: inda bango ya haɗu da daɓe, gefen taga, ƙarfen da ya ratsa bango ya riƙe baranda. A tsohon gida waɗannan ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da sauran asara, amma da zarar an toshe manyan hanyoyi sai rabonsu ya fito fili. Idan mai zane ya yi lissafinsu ɗaya bayan ɗaya, ka yi amfani da nasa. Idan bai yi ba, kuma an kula da mahaɗan sosai wajen gini, ana iya ƙara ɗan kaso a kan faɗin jikin gidan duka. A misalinmu mun sa 0.02 sau murabba'in mita 340, wato 6.8. Jikin gini ya tashi wat 68 ga digiri.

Mataki na huɗu: iska, inda lissafi ya fi karkacewa

A nan nake so ka fi daɗewa, domin a nan ne kilowat biyu ke zama biyar ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Duk iskar da ta shigo da sanyi dole a ɗumama ta, kuma kowane kubik mita na iska yana cin kusan wat-awa 0.33 kafin ya hau digiri ɗaya. Gidanmu na ɗauke da kubik mita 375.

Manhajojin lissafi da yawa suna zuwa da lambobin da aka riga aka cika musu, waɗanda ke ɗauka cewa iskar ɗaki na sauyawa gaba ɗaya sau ɗaya a awa, a kicin da banɗaki ma fiye da haka. Idan mai lissafi bai taɓa wannan gurbin ba, ga abin da zai fito: 375 sau 0.33 sau 25, wato sama da kilowat 3 na iska kaɗai. Haɗa da kilowat 1.7 na jikin gini, an kai 4.8. Takarda za ta fito tsaf, da tambari da sa hannu, amma ba gidanka ta auna ba.

Gida irin wannan yana samun iska ta hanya biyu. Ta farko ita ce na'urar musanya iska mai ceto zafi: tana fitar da gurɓatacciyar iska, tana shigo da sabuwa, kuma a cikinta iskar da ke fita na miƙa ɗuminta ga mai shigowa ba tare da sun gauraya ba. Ma'aunin Passivhaus na neman ta ceto aƙalla kashi 75 cikin 100, masu kyau kuma suna kaiwa 85 zuwa 90. Idan tamu na juya kubik mita 150 a awa tana ceto kashi 85, abin da ya rage a ɗumama daidai yake da kubik mita 22.5 kawai.

Ta biyu ita ce yoyo ta 'yan kafofin da suka rage. Wannan ba a zato, aunawa ake yi. Ana buɗe ƙofar waje a ɗaura wata babbar fanka a bakinta cikin firam mai tamfal, a rufe tagogi, a zuƙe iskar gidan har bambancin matsi tsakanin ciki da waje ya kai faskal 50. A lokacin idan ka kai bayan hannunka kusa da soket ko gindin taga za ka ji siririn sanyi na hurowa a duk inda aka bar kafa. Na'urar za ta nuna sau nawa iskar gidan ke sauyawa a awa a ƙarƙashin wannan matsi. Passivhaus na neman 0.6 ko ƙasa. A ce namu ya ba da 1.0. Tunda a rayuwar yau da kullum babu irin wannan matsi, akan raba lambar da 20 don a sami kimanin yoyon gaske: 0.05 sau 375, kusan kubik mita 19 a awa. Gidan da ke fili inda iska ke kaɗawa sosai yana bukatar a ɗan ƙara.

Haɗa 22.5 da 19, ka ninka da 0.33: kusan wat 14 ga digiri. Wannan ne ya maye gurbin wat 124 da manhajar za ta sa da kanta.

Idan ba a gama ginin ba, ka yi lissafi da lambar da aka sa wa magina a yarjejeniya, amma in da hali kada ka biya kuɗin na'ura sai an yi gwajin fankar. Tun ran gini ran zane: gwajin farko ya kamata a yi shi kafin a rufe bango da silin, lokacin da gyara ke da sauƙi.

Mataki na biyar: haɗa jimilla, ka kuma raba ta ɗaki-ɗaki

Jikin gini 68, iska 14, jimilla wat 82 ga kowane digiri. Ninka da 25: wat 2,050. Gida mai murabba'in mita 150 yana buƙatar kusan kilowat 2 a ranar sanyin lissafi, wato abin da butar lantarki ɗaya ke ci. Mutane da yawa ba sa yarda da wannan lamba idan suka fara ganinta, kuma daga nan ne ake fara ƙare-ƙare: mai zane ya ƙara kashi 10, mai girkawa ya ƙara 20, sannan a zaɓi na'urar da ke sama da wannan a jerin kamfani.

Ka tuna akwai rarar da ba mu ma taɓa ba. Kowane mutum a zaune yana fitar da kusan wat 80 zuwa 100. Firji, girki, fitilu, kwamfuta, duk wutar da suka ci tana ƙarewa ne a matsayin zafi cikin gida. Ga kuma rana ta taga. Lissafin EN 12831 da takwaransa na Amurka, Manual J, ba su cika dogara da waɗannan ba wajen ɗumama, don a zauna lafiya. Manhajar PHPP ta cibiyar Passivhaus kuwa tana sa su, tana gwada rana mai tsananin sanyi da hasken rana da kuma rana mai sauƙin sanyi da hadari, ta ɗauki wadda ta fi nauyi. Ra'ayina shi ne ka bar su a waje wajen neman iyakar ƙarfin na'ura, ka ɗauke su a matsayin rararka, sannan kada ka ƙara wani kaso a kai.

Wannan lissafin dai za ka maimaita wa kowane ɗaki, domin da shi ake sanin yawan bututun ƙarƙashin daɓe ko girman radiyeta, ƙarfen da ruwan ɗumi ke bi ta cikinsa yana ɗumama ɗaki. Ɗakin kusurwa mai manyan tagogi biyu na iya cin ninkin na tsakiya.

Mataki na shida: ruwan zafi

A tsohon gida ruwan wanka ɗan ƙari ne a kan ɗumama. A nan yana iya zama babban kaso na aikin na'urar a shekara. Lita ɗaya na ruwa na cin wat-awa 1.16 kafin ta hau digiri ɗaya. Tanki mai lita 200, daga digiri 10 zuwa 50, zai ci kusan kilowat-awa 9.3. Na'ura mai ba da kilowat 4 za ta yi kusan awa biyu da minti ashirin a kansa idan an kwashe shi tas, kuma a wannan lokacin ba ta ɗumama ɗakuna, don ba ta yin biyun a tare.

Wannan ne hujjar da aka fi kawowa don a sa babbar na'ura, kuma tana da rauni. A ranar da ta fi sanyi gidanmu zai yi asarar kusan kilowat-awa 5 cikin waɗannan awoyi. Daɓen kankare mai murabba'in mita 75 da kaurin santimita 10 yana ajiye sama da kilowat-awa 4 ga kowane digiri. Ma'ana daɓen zai sauka da kusan digiri ɗaya, sannan ya farfaɗo. Ba wanda zai ji a jikinsa.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a duba yini guda. Ɗumama: kilowat 2.05 sau 24, kusan kilowat-awa 49. Ruwan zafi 9.3. Jimilla 58 da ɗoriya. Raba da awa 22, ka bar awa biyu don hutu da narkar da ƙanƙarar da ke daskarewa a jikin na'urar waje: kusan kilowat 2.7. Abin da muke nema ke nan, na'urar da za ta ba da kilowat 3 ko ɗan sama a digiri 4 ƙasa da sifili. Idan iyalin na da yawa, tanki ake ƙara wa girma. A kuma tabbata an yi tankin don famfon zafi ne, mai faffaɗan naɗin bututu a ciki, domin tankin tukunyar gas ba ya karɓar zafi da kyau daga ruwan da bai yi zafi sosai ba. Akan saita shi ya kai digiri 60 lokaci-lokaci saboda ƙwayar cutar lejiyonela, sau da yawa da taimakon ɗan hitan cikin tanki.

Mataki na bakwai: karanta teburin kamfani, kada ka tsaya ga sunan na'ura

Lambar da ke jikin sunan na'ura yawanci an auna ta ne bisa ƙa'idar EN 14511, da iskar waje a digiri 7 da ruwa mai fita a 35. Ranar sanyinka ba haka take ba. Ka nemi cikakken littafin bayanan fasaha, ka sami teburin da ke jera ƙarfin na'urar a kowane sanyin waje da kowane zafin ruwa. Wata mai suna 5 tana ba da 5 har ƙasa da sifili, wata ta sauko 3.5. Ka duba ko an cire asarar narkar da ƙanƙara a lambobin. Lokacin da waje ke tsakanin sifili da digiri 5 kuma akwai laima, raɓa na daskarewa a kan ƙarafan na'urar waje, sai ta juya aikinta na 'yan mintuna ta narkar da ita. Za ka ga tururi na tashi, ruwa na ɗiga a ƙasa. Lafiyarta ƙalau, amma a wannan lokacin zafi take ɗiba daga gida. Idan an rubuta ƙarfin da BTU ko tan ne, ma'aunan da aka saba da su a Amurka, kilowat 1 daidai yake da BTU 3,412 a awa, tan ɗaya kuma BTU 12,000 ne a awa, kusan kilowat 3.5.

Sai lambar da ba a cika tambaya ba, wadda a gida irin wannan ta fi ta sama muhimmanci: mafi ƙarancin abin da na'urar ke iya bayarwa ba tare da ta mutu ba. Na'urori masu inbata na rage gudun kwamfiresa, amma suna da iyaka, galibi wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na cikakken ƙarfinsu. Kuma iyakar tana hawa idan waje ya yi ɗumi, daidai lokacin da gida ke buƙatar kaɗan.

Dubi gidanmu a ranar da waje ke digiri 10, irin ranar da ta fi yawa a lokacin ɗumama a wurare da dama. Tazara 11, sau 82, wat 900. Cire kusan 400 na mutane da kayan wuta, saura 500. Na'ura mai kilowat 8 wadda ba ta sauka ƙasa da 2.5 ko 3 za ta tashi, cikin 'yan mintuna ruwan ya wuce zafin da aka saita, ta mutu, ta jira, ta sake tashi, kamar mota a cunkoso. Kowane tashi yana cin wuta kafin matsin gas ɗin ciki ya daidaita, yana kuma gajiyar da kwamfiresa. Ko a rana mafi sanyi gidan bai kai ƙaramin gudunta ba, don haka ba za ta taɓa yin tafiyar da aka ƙera ta dominta ba. Mai kilowat 3.5 ko 4 da ke sauka kusa da 1 ita ma za ta riƙa hutawa a ranakun sauƙin sanyi, amma jefi-jefi, kuma mafi yawan hunturu a tafe take.

Wani abin lura: wasu kamfanoni na sayar da na'ura ɗaya da sunaye biyu ko uku, kwamfiresa iri ɗaya, manhaja ce kawai ta taƙaita ƙarfin ƙaramar. Idan haka ne, sayen ƙaramar bai rage maka ƙaramin gudu ba. Gwada nauyi da girman akwatin a teburi, idan ɗaya ne to ka gane. Ka kwatanta da na wani kamfanin.

Mataki na takwas: abin da zai karɓi zafin

Gwargwadon sanyin ruwan da na'ura ke turawa, gwargwadon ribarta. A digiri 7 na waje, na'urar da ke ba da COP wajen 4.5 ko 5 da ruwa mai digiri 35 takan sauko kusa da 3 idan aka nemi 55. Gida mai riƙe ɗumi na da babbar dama a nan. Daɓe na sakin kusan wat 11 ga murabba'in mita a kan kowane digiri da ya ɗara iskar ɗaki. Gidanmu na neman wat 14 kacal ga murabba'in mita, wato daɓen ya fi ɗaki da digiri ɗaya da rabi ma ya isa, kuma ruwa mai digiri 25 zuwa 30 zai yi wannan. Sabon mai gida yakan taka daɓen da ƙafa ba takalmi ya ji ba ɗumi, ya ɗauka abin ya lalace, alhali ma'aunin bango na nuna 21. Haka ya kamata ya kasance. Akwai ma wata fa'ida: idan rana ta shigo ɗaki ya hau zuwa 23, daɓen ya daina sakin zafi da kansa, ba sai wani ya taɓa komai ba.

Ruwan kuma dole ya sami hanya. Kilowat 3 da tazarar digiri 5 tsakanin ruwa mai fita da mai dawowa na buƙatar kusan lita 8.6 a minti, kuma kowane kamfani na faɗin mafi ƙarancin gudu da yawan ruwan da na'urarsa ke so. Idan aka sa ma'aunin zafi a kowane ɗaki yana rufe bututunsa, wata rana banɗaki kaɗai zai rage a buɗe, na'urar ta rasa inda za ta zuba zafinta, ko da ƙarama ce. Gara a bar mafi yawan bututun a buɗe, a daidaita gudun ruwan kowane ɗaki sau ɗaya, a bar na'urar ta riƙa sauya zafin ruwa bisa sanyin waje. Idan ruwan cikin bututun bai kai abin da kamfani ya nema ba, ƙaramin tankin ƙarin ruwa a kan bututun dawowa yakan wadatar.

Sanyaya gida da shekarar farko

Gidan da ke riƙe ɗumi a hunturu yana riƙe shi a bazara. Idan na'urar za ta yi sanyaya, wannan lissafi ne daban, kuma rana ta taga da laimar iska ne ke jan ragamarsa. A yankin da zafi ya fi sanyi tsanani, shi ne ma zai tsayar da girman na'urar. A nan ma babba cutarwa take yi: tana sanyaya ɗaki da sauri ta mutu kafin ta tsotse laima, a zauna cikin sanyi mai danshi. Rumfa ko labulen waje a kan tagogin da rana ke duka na rage nauyin fiye da duk wani ƙarin kilowat. Sanyaya ta daɓe kuma ba ta cire laima, kuma idan ruwan ya yi sanyi da yawa daɓen zai yi gumi.

Hunturun farko kada ya ruɗe ka. Sabon kankare da filasta na ɗauke da ruwa mai yawa, busar da shi na cin zafi, don haka gidan zai fi cin wuta a shekarar farko. Ba a sayen na'urar shekara goma sha biyar saboda watanni uku. Hitan wucin gadi ya isa, kamar yadda ɗan hita mai kilowat 1 ke ɗauke rabin nauyin gidanmu a daren da sanyi ya wuce na lissafi.

Kafin ka sa hannu, ka nemi mai girkawa ya ba ka lissafin ɗaki-ɗaki a rubuce, ka duba gurbin iska da idonka ka ga ko sakamakon gwajin fanka da na'urar ceto zafi ne a ciki. Ya nuna maka a teburin kamfani ƙarfin na'urar a sanyin lissafinka, da ƙaramin gudunta a digiri 7 da 12. Ka kuma nemi a sa mitar zafi a bututu da mitar lantarki ta na'urar ita kaɗai. Da su za ka raba zafin da aka samu da wutar da aka ci ka ga ainihin COP, kuma idan ka ɗauki zafin da gidan ya sha a yini mai sanyi da hadari ka raba da 24, sannan da tazarar ciki da waje, za ka sami lambar da za ka ajiye kusa da wat 82 na takarda. Idan kwamfiresa na tashi fiye da sau biyu ko uku a awa, fara da rage zafin ruwa da digiri ɗaya ko biyu da buɗe bututun da aka rufe, ka ba gidan kwana biyu ya daidaita kafin ka sake taɓa wani abu.